Sukari Ƙwaya Uku a Hular Rabe

A Unguwar Dosa ta Kaduna kowa da abin da aka san shi da shi, Malam Rabe mai wankin hula kuwa da zaƙi aka san shi. Dauda mai shayi na bakin titi yakan ce shi bai taɓa haɗa wa Rabe shayi ba, sukari yake jiƙa masa da ruwan zafi. Idan aka yi biki a layinsu, alkaki da nakiyar da suka rage ba a tambayar inda za a kai su. Ga shi kuma mutumin ba ya rasa hujja. Ya taɓa gaya wa matarsa Zuwaira cewa rake wanke haƙori yake yi, shi ya sa ba ya sayen asuwaki. Ya taɓa ce mata wani babban likita ya faɗa a rediyo cewa duk mai aikin ruwa da sabulu dole ya sha zuma safe da yamma, in ba haka ba sanyi ya shige shi. Da ta tambaye shi wace tasha ce, sai ya ce batir ya mutu kafin su faɗi sunansu.

Ana nan sai Rabe ya fara ramewa. Riguna suka yi masa yawa, ƙishirwa ba ta barinsa, buta ta zama abokiyar tafiya. Ran wata Talata da hantsi, yana cikin shanya huluna a ƙofar shago, sai ganinsa aka yi a ƙasa, hulunan mutane sun watse a kansa. Kwanansa shida a asibiti. Aka ce ciwon sukari ne, kuma irin wanda ƙwaya ba ta yi masa, sai allurar insulin kullum.

Rabe ya tsorata, tsoro na gaske. A gadon da ke kusa da nasa akwai wani dattijo da aka yanke wa ƙafa daga gwiwa, kuma kullum da safe sai ya miƙa hannu zai sosa inda babu komai. Kwana shida Rabe yana kallon wannan. A nan ya yi wa kansa alkawarin da bai taɓa yi wa kowa ba, cewa shi da zaƙi sun raba gari.

Ranar sallama, ma'aikaciyar jinya da ake kira Sista Ladi ta zaunar da shi ta koya masa komai. Yadda zai tsire yatsa ya ɗiga jini a na'urar gwaji. Yadda zai kama fatar ciki ya yi allura. Yadda zai ajiye maganin a jiƙaƙƙen yashi a gindin randa tunda wutar lantarki ba ta da alkawari. Ta dunƙule hannunta ta ce tuwo kada ya wuce haka, ganye kuwa ya cika kwano yadda ya ga dama. Duk wannan Zuwaira na nan tana gyaɗa kai. Sai aka kira ta ta je ta bi layin karɓo magani, ta fita.

"Saura abu ɗaya, Malam Rabe," in ji Sista Ladi, "kuma shi nake so ka riƙe da hannu biyu. Wannan allurar aikinta saukar da sukari, ba ruwanta da ka ci abinci ko ba ka ci ba. In ka yi ta, ka ci abinci nan take, ko gwamna ne ya yi sallama. In ta saukar da shi fiye da kima za ka ji zufa mai sanyi, hannu na rawa, ido na duhu, ka fara surutai. A wannan lokacin maganinka sukari ne. Kullum ka riƙa yawo da ƙwaya uku a aljihu."

Rabe ya ɗago kai. "Sista, sukari kika ce?"

"Sukari."

"Irin na shayi?"

"Shi dai."

"A aljihuna? Ni?"

"Ba na marmari ba ne, na ceton rai ne. Kada ka taɓa shi sai ka ji alamun da na faɗa maka. Ka gaya wa mutanen gida su ma su sani."

Ya gaya musu kuwa. Da ya san abin da zai biyo baya, da ya roƙi Sista Ladi ta biyo shi gida a Keke Napep ta faɗa da bakinta.

Kafin su iso gida, yayarsa Harira ta riga ta sauka daga Rigasa da buhun bakko guda. A ciki akwai shuwaka, zogale, garin alkama, acca, gauta, da namijin goro kusan mudu. Ita ta goya Rabe yana jariri, shi ya sa har yau, da furfura a gemunsa, kallon mai majina take yi masa. Bayan an yi masa sannu an shimfiɗa masa tabarma, ya gyara murya ya ce akwai saƙo daga asibiti.

"An ce in riƙa yawo da sukari ƙwaya uku a aljihu."

Harira ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta.

"Wa ya ce?"

"Sista Ladi."

"Zuwaira, kin ji da kunnenki?"

"Ni dai, Yaya, duk abin da aka faɗa ina nan. Ban ji wannan ba."

"Kin fita karɓo magani!" in ji Rabe.

"Oho," in ji Harira. "Sai da ta fita. Ita ma batir ɗinta mutuwa ya yi ke nan? Rabe, ka ji tsoron Allah. Mai ciwon sukari a ce ya yi yawo da sukari? Gobe kuma a ce wa mai gyambo ya yi yawo da ƙuda. Hali zanen dutse, wallahi."

Ya yi rantsuwa, ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Harira ta ce ba za a jawo wa gida bala'i a kan sukari ƙwaya uku ba. Ya juya wajen Zuwaira, sai ya ga idonta ya ciko. Zuwaira 'yar fari ce, a Zariya ta tashi a hannun gwaggonta, kuma abin da ta sani game da mahaifiyarta kaɗan ne. Ta san dai ciwon sukari ne ya yi ajalinta shekara tara da suka wuce. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

"Malam," ta ce, "nan da sati uku za mu koma asibiti. Zan tambaya da bakina. Kafin nan, ko ƙwaya ɗaya ba za ta kwana a gidan nan ba. Uwata na rasa, ba zan ƙara da kai ba."

Wa zai yi musu da wannan? Abin duniya ya ishi Rabe. Sau ɗaya a rayuwarsa ya faɗi gaskiya a kan zaƙi, kuma ita ce ta fi duk ƙaryarsa kama da ƙarya.

Washegari Harira ta kafa kujera a zaure. Masu dubiya suka yi ta zuwa, kowa da ledarsa, kuma kowa ya san abin da ake kai wa marar lafiya: lemon kwalba, madarar gwangwani, ayaba, kankana. Harira takan karɓa da fara'a, ta sa albarka, ta kai ɗaki ta zuba a akwatin ƙarfe, ta kulle, ta ɗaure makullin a haɓar zaninta. Rabe in zai fita shago sai ta lalube aljihunsa, in ya dawo ta sake lalubewa, har da cewa ya buɗe baki ya ce "ha". Bayan azahar kuma akwai kofin ruwan shuwaka da wata mata a waya ta ce yana kashe ciwon daga tushe. Rabe yakan sha don a zauna lafiya, amma allurarsa bai taɓa fashi ba.

Shi kuwa maganar Sista Ladi ta hana shi sukuni. Duk sanda ya soka allurar nan a cikinsa sai ya tuna aljihunsa fayau yake. Ya nufi kantin Nazifi na kan kwana. Nazifi na hango shi ya ja kwalin sukari ya tura ƙarƙashin benci ya zauna a kai.

"Ƙwaya uku kawai, Nazifi."

"Malam Rabe, ka rufa min asiri. Hajiya Harira ta zo nan da kanta. Ta ce in ta ji na sayar maka, za ta zauna a ƙofar kantin nan daga safe zuwa magariba tana ba kowa labarina."

Ya je wajen Dauda mai shayi, amininsa na shekara ashirin. Dauda ya saurare shi har ƙarshe, ya share ƙwalla da gefen riga, ya ce, "Ni na jiƙa maka wanda ya kwantar da kai, ba zan ba ka wanda zai kai ka kushewa ba." Ya haɗa masa ruwan bunu tsura, ya tsaya a kansa har ya shanye. Ran Juma'a wani bawan Allah ya kawo sadakar dabino masallaci. Ladan na rabawa sahu-sahu, da ya iso kan Rabe sai ya tsallake shi, ya dafa kafaɗarsa ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Unguwa guda ta haɗa kai za ta ceci ransa, ko da kuwa zai mutu a hannunta.

Mafita ta zo daga Mando, unguwar barikin sojan sama. Wani sojan sama da bai san kowa a unguwar ba ya kawo wankin huluna huɗu. Rabe ya ja shi bayan shago, ya waiga dama ya waiga hagu, ya raɗa masa buƙatarsa. Sojan ya dube shi sama da ƙasa, ya ce shi a aikinsa an roƙe shi abubuwa da yawa amma ba a taɓa roƙonsa wannan ba. Ranar da ya zo karɓar huluna ya miƙo masa ƙullin takarda ta ƙarƙashin tebur, ya hau babur ɗinsa bai ko waiwayo ba.

Aljihu dai ba wurin ajiya ba ne, tunda Harira na zaure. Amma Rabe mai wankin hula ne, ya san abin da ba kowa ya lura da shi ba: a ƙasar Hausa ana iya lalube wa magidanci riga da wando, amma ba mai cire masa hula. Ya ɗauki zare da allura ya yi ɗan aljihu a cikin hularsa, ya jera ƙwaya ukun, ya ɗinke. Kwana tara yana yawo da sukari a tsakiyar kansa, kuma Allah shaida bai lasa ba. Rabe, wanda a da ba ya iya wuce mai rake bai tsaya ba! Ya so ƙwarai a ce wani ya san wannan ya yaba masa, amma duk wanda ya sani zai ƙwace.

Kiyashi ne suka tona shi. Ran kwana na tara ya rataye hular a ƙusa ya shiga wanka. Harira ta shigo ɗakin ɗaukar tsintsiya, sai ta ga layin kiyashi ya taso daga bakin ƙofa, ya hau bango, ya miƙe har cikin hular. Ta bi su da ido, ta sa hannu ta laluba, ta yi murmushi. Ba ta yi faɗa ba. Ta farke ɗinkin, ta cire sukarin ta jefa a kwata, ta yanka namijin goro gida uku daidai girmansu ta mayar, ta ɗinke tsaf. Rabe ya fito ya kafa hularsa, ya taɓa ya ji abubuwa uku na nan, ya tafi shago hankali kwance.

Ran Asabar ya dawo cin abincin rana. Ya gwada jini, ya yi allura yadda aka koya masa, Zuwaira ta ajiye masa tuwon alkama dunƙule guda da miyar zogale a ɗakin baƙi. Ya wanke hannu ke nan, ya kai yatsa kan tuwo, sai aka yi sallama a zaure. Muryar da ya ji ta sa ya janye hannun kamar ya taɓa garwashi.

Surukinsa ne, Alhaji Abubakar, mahaifin Zuwaira, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Dattijo ne dogo mai sanyin magana, yaran unguwarsu na kiransa Baba Mai Alewa, don aljihun rigarsa ba ya rabuwa da alewa 'yar leda, ko da yake ba wanda ya taɓa ganin ya sa ta a baki. Ba a gaya masa ainihin ciwon Rabe ba. Zuwaira ta ce kada a fama masa tsohon miki, aka ce masa zazzaɓi ne mai naci.

Shekara goma sha biyu da auren, Rabe bai taɓa cin abinci a gaban surukinsa ba. Ko ruwa bai taɓa kurɓa ba. Bai taɓa zama a gabansa babu hula ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba. A kan wannan ana yabonsa har Zariya. Ya sauka daga kujera ya durƙusa, aka yi gaisuwa mai tsawo, ta gida da ta jiki da ta gajiya. Baba ya hango kwano.

"Af, na katse maka cin abinci. Ci abinka, Malam Rabe."

"Na ƙoshi, Baba. Yanzun nan na tashi daga kan wani."

Zuwaira ta shigo ta gaida mahaifinta, ta ga kwano tsakanin miji da uba, ta san ba mai taɓa shi, ta rufe ta fita da shi. Rabe ya bi kwanon da ido har labule ya rufe. Sista Ladi ta ce ko gwamna ne ya yi sallama. Ba ta ce komai a kan suruki ba, kuma gwamna ai da sauƙi.

Ya ce a ransa dubiya ce, minti goma ya tafi. Sai Baba ya gyara zama ya ce wannan zazzaɓin ya tuna masa wani da ya taɓa yi a cikin jirgi, suna tafiya Kano. Gaban Rabe ya faɗi. Duk dangi sun san labarin jirgin Baba. Ba ya tsallake tasha, kuma a kowace tasha sai an sauke kaya an ɗora wasu.

Jirgi ya tashi daga Kaduna. A Rigachikun aka tsaya jiran wani mai shanu da ya ƙi janye garkensa daga kan hanya, Rabe yana "Ikon Allah" yana "Haka ne, Baba." Kafin a kai Zariya ya ji yunwa ta murɗe masa ciki. A Zariya aka daɗe, domin a nan Baba ya haɗu da wani abokinsa da sai an faɗi asalinsa da na matansa. Zufa ta fara tsattsafo wa Rabe, mai sanyi, ga fanka na juyawa. Ya dubi hannunsa ya ga yana rawa, ya tura shi ƙarƙashin cinya. Ya san mene ne wannan, an faɗa masa tiryan-tiryan. Amma a tashi a bar suruki a tsakiyar magana? A cire hula a gabansa a farke ta a hau tauna? Ya ce bari dai a kai Kano.

Ba a kai ba. Jirgi na shiga Madobi ɗakin ya fara yi masa duhu, maganar Baba ta koma can nesa. Ya ɗago kai, ya dubi surukinsa ido cikin ido, karo na farko a shekara goma sha biyu, ya ce:

"Dauda, haɗa min mai kauri. Kada ka yi min ƙwauron hannu."

Baba ya tsaya da labari. "Na'am?"

"Kuma hular nan taka ta yi datti. Kawo ta, gobe ka zo ka karɓa."

A bayan labule, inda Harira da Zuwaira ke zaune, aka ji faɗuwar ludayi. Rabe kuwa ɗan hankalin da ya rage masa ya tuna masa da abu ɗaya. Ya fizge hularsa, ya kai ta baki ya farke ɗinkin da haƙori. Namijin goro guda uku suka zubo suka gangara kan tabarma. Ya dube su, ya dubi cikin hular, sai hawaye.

"Sukarina," ya ce. "Yaya, sukarina. Ku ba ni sukari."

Harira ta banko labule. "Kun gani ko? Alhaji, ka yi haƙuri, wasan kwaikwayo ne. Ya ga baƙo ne yake so a ji kunya a ba shi. Tun yana yaro haka yake, har suman ƙarya ya taɓa yi a kan alewar madara. Zuwaira, kawo ruwan shuwakar nan."

Baba bai ko dube ta ba. Ya matso ya kama hannun Rabe, ya ji shi sanyi ƙalau, sharkaf da zufa. Fuskarsa ta canja.

"Wane irin zazzaɓi ne wannan? Ciwon sukari gare shi?"

Harira ta juya ta dubi Zuwaira.

"Allura yake yi?"

"E, Baba," in ji Zuwaira da ƙaramar murya. "Ya yi kafin ka shigo."

"Ya ci abinci?"

Ta dubi ƙasa. Baba ya ce innalillahi, ya zura hannu a aljihu ya ciro alewa cike da tafi. Yatsunsa na tsufa ne, amma kafin ka ce kwabo ya ɓare uku.

"Rabe, kana jina? Za ka iya haɗiya? To buɗe baki, tauna."

Abin dariya abin tausayi, ko a cikin wannan hali Rabe da ya ga hannun suruki ya nufo bakinsa sai ya juya fuska bango. Harira kuma ta yi tsalle ta tare tsakani, tana cewa ai wannan guba ce, a gabanta ba za a kashe mata ƙani ba. Zuwaira ta riƙe hannun rigar mahaifinta tana kuka, tana cewa, "Baba, don Allah, sukarin nan ne ya kashe Inna."

"Zuwaira!"

Ta sake shi. Tun da aka haife ta mahaifinta bai taɓa kiran sunanta ba, saboda kunyar 'yar fari. Sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Ita kanta Harira ta ja da baya.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji Baba. Ya tallafo kan Rabe ya juyo da shi. "Yau babu suruki a ɗakin nan. Tauna, ɗana." Ya waiga. "Akwai lemon kwalba a gidan nan? A buɗe a kawo. Da abin gwajin."

Ba a taɓa ganin Harira ta kwance haɓar zani da sauri irin na ranar ba. Aka kawo lemo, Baba ya riƙa ba shi kurɓi-kurɓi. Na'ura ta nuna hamsin da biyu. Baba ya dubi agogonsa na zamanin jirgi ya ce a jira minti goma sha biyar a sake gwadawa, kuma in bai tashi ba a nemo mota. Ba wanda ya zauna. Da aka sake, ta haura tamanin.

Hankalin Rabe ya dawo a hankali. Abu na farko da ya gane shi ne kansa babu hula. Na biyu, kan nasa a kan cinyar surukinsa yake. Na uku, bakinsa cike yake da alewa yana tauna, har da ƙara. Ya rufe ido ya roƙi Allah ya mayar da shi inda ya fito.

"Na faɗi wani abu, Baba?"

"Ka ce hulata ta yi datti. Kuma gaskiya ka faɗa." Baba ya ce a dawo da tuwon, don alewa ba ta riƙe ciki. Da aka kawo ya ga Rabe na kallon kwano yana kallon ƙofa, sai ya nannaɗe hannun riga ya wanke hannu, ya gutsuri loma ya kai baki. "Bismillah. In ba ka ci ba ni ma na fasa." Haka suka cinye dunƙulen nan su biyu a kwano ɗaya, Rabe na ci yana sharar ƙwalla, ya ce yaji ne.

Harira ta tsuguna tana tsince namijin goro daga kan tabarma. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ashe da gaske Sistar ta faɗa."

"Na ce a kawo Alƙur'ani, Yaya."

"To ai kai ne, Rabe. Wa ya san ranar da za ka fara gaskiya?" Ta fita da sauri wai ta bar tukunya a wuta.

Zuwaira na durƙushe a bakin ƙofa. "Baba, a ina ka san duk wannan?"

Dattijon ya goge hannu, ya juyo wajenta.

"Shekara goma sha ɗaya ina yi wa mahaifiyarki allurar nan da hannuna. Kina Zariya, daga baya kina gidan miji, ba mu so ki sani. Sau nawa irin wannan ta same ta, a kasuwa, a gidan biki, har a cikin mota. Ita ba ta son ɗaukar jaka, sai ta ce in riƙe mata a aljihuna." Ya taɓa aljihun. "Da ta rasu na ce zan daina saya. Sai in fito daga gida in ji kamar na manta wani abu, in koma kanti. In ta kwana biyu in raba wa yara, in sayi sabuwa."

Zuwaira ta rufe fuska da mayafi. Rabe ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya sa shi a kan surukinsa, tunda yanzu an riga an fara.

Da Baba ya tashi tafiya ya ɗauki hular Rabe daga ƙasa, ya karkaɗe ta, ya juye sauran alewar aljihunsa a ciki, ya miƙa masa. Ya ce alewar ta koma aljihu inda hannu zai kai da wuri, kuma kowa a unguwar ya san inda take, har mai shayi. Rabe ya raka shi bakin titi, Zuwaira na biye da su. Suna jiran Keke Napep, hannun dattijon ya tafi aljihu da kansa, ya laluba, ya ji babu komai. Ya ɗan tsaya. Sai ya juya ya nufi kantin Nazifi.

Nazifi na hango Rabe a bayansa ya fara jan kwali zai zauna a kai.

"Bar shi a sama," in ji Baba. "Ba ni alewa, 'yar leda."

"Ta jikoki ce, Alhaji?"

"A'a," in ji Baba, yana zuba ta a aljihu yana duban Rabe. "Ta samu mai ita."